Kwali Biyar A Ƙarƙashin Gado: Yadda Na Yi Tallan Littafina A Damagaram

Ranar da littattafan suka iso daga Kano, a farkon watan Yuli na 2023, kabu-kabu uku na ɗauka daga tasha zuwa gida. Kwali biyar ne, kowanne da kwafi ɗari a ciki. Uwargida ta fito tsakar gida da ludayi a hannu, ta dubi kwalaye, ta dube ni, ta ce, "Malam, duk wannan kai kaɗai za ka karanta?" Na yi dariya, don a lissafina kafin a koma makaranta a watan Oktoba babu ko ɗaya da zai rage. Muka tura su ƙarƙashin gado. Wasunsu sun yi kusan shekara biyu a wurin.

Littafin gajerun labarai ne goma sha biyu, shafi 120, duk a kan garin nan: tsofaffin Birni, ƴan ga-ruwa, layin jarkoki a bakin pampo tun kafin asuba, da samarin fada, wato majalisar hira da shan shayi ta bakin layi. Na kai shi Kano ne saboda kusa take, tafiyar kilomita kamar 240 ta Matamaye da Ɗan Barto, ga shi naira ta faɗi a watan Yunin shekarar, mai sefa a hannu ya zama kamar attajiri. Bugu da kuɗin mota da ɗan abin da aka kashe a hanya, duka jaka 310 suka ci mini. Ga mai karatu daga Najeriya, jaka guda sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar. Kowane kwafi ya tsaya mini kusan sefa 620, na sa masa jaka da rabi. Na ɗauki bik, wato biro, na lissafa: in na sayar da ɗari biyu da ƴan kai, uwar kuɗi ta dawo, saura riba. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai.

Kuskurena na farko shi ne bikin ƙaddamarwa. Na ga yadda ake yi a Kano da Katsina, a tara manya, babban mai ƙaddamarwa ya miƙe ya faɗi kuɗi, a yi tafi, na ce mu ma Damagarawa ba a bar mu a baya ba. Na ari harabar wata makaranta, na yi hayar rumfa biyu da kujeru ɗari da hamsin da lasifika da inji saboda wuta, na sayi ruwan leda da lemo. Jaka 85 suka tafi. Ban yi tunanin cewa mutane yanzu suka fito daga hidimar layya ba, aljihu ya bushe, malaman makaranta kuma rabinsu sun tafi gona. Amma an zo, ban ce ba a zo ba. An yi jawabai har biyar, uku da Faransanci, a kan littafin da babu kalmar Faransanci ko guda a cikinsa. Wani Alhaji ya miƙe ya ce ya sayi kwafi goma a kan jaka ɗari. Maroƙi ya ɗauka ya yi ta yayatawa har da kirari. Yaronsa ya kwashi littattafan ya sa a mota. Na yi wata huɗu ina sintiri a ƙofar gidansa, yau an ce ya yi Yamai, gobe an ce yana hutawa, daga ƙarshe jaka ashirin na samu, na kuma ji kunyar komawa.

Da daddare na zauna na ƙirga. Waɗanda aka saya kuɗi hannu 23. Waɗanda na bayar kyauta ga manyan baƙi, da surukai, da abokan aiki da suka ce "Mushe, ai namu ba na saye ba ne," 40 (Mushe, haka ake kiran malamin boko a nan). Na san da yawa daga cikin arba'in ɗin nan har yau suna kan kabat, ba a taɓa buɗe su ba. Kwana huɗu bayan bikin aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, farashin shinkafa ya tashi, duk inda ka zauna zancen guda ne. Wa zai saurari mai tallan labarai?

Sai na koma Facebook. Na sa hoton bangon littafin, na rubuta dogon bayani. Cikin kwana biyu mutum sama da ɗari huɗu suka danna alamar so, "Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira" suka cika wurin, har na fara jin kaina wani ne. Masu tambayar "ina ake samu?" sun fi hamsin, na amsa wa kowa, na ba da lambata. Mutum tara suka saya. Saura in ba su yi shiru ba, to cewa suke "a turo mana PDF." Ba na zagin Facebook, ta nan ƴan Damagaram mazauna Agadas da Libiya da Kwatano suka san da littafin, kuma daga baya sun yi mini amfani. Amma wanda ya ƙirga masu yabo a matsayin masu saye, ya ƙirga ƙwai ne tun yana cikin kaza.

Abin da ya buɗe mini ido a ɗakin malamai ya faru, bayan an koma makaranta. Wani abokin aikina, gwani a Faransanci, wanda zai karanta maka jarida shafi guda bai yi tuntuɓe ba, ya ɗauki littafin don ya faranta mini, ya fara karantawa da ƙarfi. Inda na rubuta "gida" ya ce "jida". Inda na rubuta "ciki" ya ce "siki". Ya zo kan "ƙ" da "ɗ" ya tsaya yana kallonsu kamar baƙi sun shigo ba sallama. Layi shida ya yi, ya rufe, ya ce, "Wallahi Mushe, Hausa a baki da daɗi, a takarda ciwon kai." Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Dubi yadda muke rubuta wa juna saƙo a waya: "guida", "tchiki", "kouma". Hausa muke yi da rigar Faransanci. Alhali a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Nijar, tun 1973, amma yawancinmu ba ta can muka bi ba.

Ranar na gane wata uku na yi ina kai talla inda ba masu saye. Ƴan bokon da na ɗauka su ne kasuwata, suna da jaka da rabin, amma idonsu bai saba da rubutun ba. Masu karanta Hausa kamar ruwa wasu ne daban: matan da suka taso da littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka yi ajin yaƙi da jahilci, ɗaliban islamiyya da suka saba da littattafan addini na Hausa, da ƴan kasuwar da ke zirga-zirga tsakaninmu da Najeriya. Ko ɗaya daga cikinsu ban gayyata bikin ba.

Yayata ce ta fitar da ni. Ita ce uwar adashi a unguwarsu, mata kusan arba'in ke taruwa gidanta duk Juma'a da la'asar. Na je gaishe ta, na yi mata kukan kwalaye. Ta ce, "Kai da ka yi ta karatu, ashe ba ka san talla ba? Mai ƙosai ma ƙamshi take fara aikawa kafin ta ce a saya. Kawo guda biyar, ka bar mini." Ba ta ce wa kowa ya saya ba. Ƴarta ta sa ta karanta labari guda bayan an gama zubi, na wata amarya da aka kai gidan da babu pampo, uwar miji na ƙirga mata jarkoki. Yarinyar na zuwa inda amarya ta fasa tulu da gangan, sai Yaya ta ce, "To ya isa, magariba ta yi." Aka yi caa a kanta. Ta ce wadda ke son jin ƙarshe, ga littafi nan, jaka da rabi, wadda ba ta da shi yanzu ta biya dala ɗari-ɗari sau uku tare da zubi. Biyar ɗin suka ƙare a zaune. Washegari ta aiko yaro da saƙo: "Ka ce wa kawunka ya ƙaro ashirin."

Abin da Yaya ta sayar mini cikin shekara guda, ta adashi da gidajen biki da suna, kwafi 140 ne. Na ce zan riƙa ba ta dala sittin a kan kowanne, ta ce ita ba ƴar aikina ba ce, amma in ba yarinyar mai karatu. Haka aka yi. Kuma ko sisi bai maƙale ba, don babu matar da za ta ci bashin uwar adashi ta kwana lafiya.

Daga nan na ɗauki dabarar na kai ta ko'ina. Kafin wannan na taɓa biyan kuɗin sanarwa a wani gidan rediyo, sau shida, aka karanta ta tsakanin sanarwar rasuwa da cigiyar akuya, ban ga ko mutum guda da ya zo ta dalilinta ba. Wannan karon na nemi mai gabatar da wani shirin Hausa na daren Asabar, na kai masa kwafi, na ce ba talla nake so ba, minti goma nake so in karanta labari. Ya ce in ya yi daɗi za a ci gaba, in bai yi ba kada in ga laifinsa. Na yi kwana uku ina gwadawa a gida, ina sauya murya, ta tsohuwa daban, ta mai ga-ruwa daban, har yara suka haddace. A daren na karanta, na tsaya daidai inda ran mutum ke son ci gaba, na faɗi lambata sau biyu a hankali. Kafin in iso gida kira goma sha ɗaya ya shigo. Akwai na Mirya, akwai na Takeita, har da wani tsoho da ya kira ba don ya saya ba, don ya gyara mini sunan wata tsohuwar rijiya da na faɗa ba daidai ba. Ya yi gaskiya kuwa, na rubuta gyaran a gefen kwafina.

Irin wannan karatun na riƙa naɗa a waya, minti uku zuwa huɗu, ina sakewa a WhatsApp a matsayin saƙon murya. Hoton bango ba ya wuce inda ka ajiye shi, amma murya tafiya take yi. Akwai wanda ya dawo mini daga Diffa bayan sati biyu, wani ya turo mini shi yana cewa "ji wannan, ɗan garinku ne," bai san ni ne ba. Abu guda na koya da wuya: a faɗi suna da farashi da lamba a cikin muryar kanta, a farko da ƙarshe, don rubutun da ka haɗa da ita yakan ɓace a hannu na biyu.

Fada kuwa labarinta daban. Akwai wata a bakin layinmu, samari goma sha ɗaya, ana dafa shayi tun bayan isha'i. Na karanta musu labari biyu tsakanin shayi na farko da na uku. Suka ji daɗi, suka yi karo-karo, suka sayi kwafi guda. Guda! Na dawo gida ina ƙunƙuni, mutum goma sha ɗaya littafi ɗaya. Bayan wata biyu na ga kwafin a hannun mai shayin tasha, bango ya yage, an ɗinke shi da zaren buhu, shafuka sun yi baƙi da dauɗar hannu. Ya bi hannu nawa, Allah kaɗai ya sani. Amma mutum shida sun zo gida neman nasu, kowanne ya ce a wancan yagaggen ya fara karantawa, kuma shafin ƙarshe ya ɓace. A ganina wannan kwafin ya fi arba'in ɗin da na raba wa manya aiki.

Shaguna ba zan daɗe a kansu ba, don ba su da daɗin faɗa. Masu sayar da kaye, wato littafin rubutu, da bik da littattafan makaranta ba sa sayen littafinka, ajiya suke karɓa, in an sayar a biya ka. Na bar kwafi 60 a shago huɗu. A ɗaya na tarar da su ƙarƙashin ƙunshin takardu, mai shagon ma ya manta. A wani an jera su a rana har bango ya koɗe. Wani kuma ya ce biyar na ba shi, ni na san goma sha biyar ne, amma babu takarda, babu shaida, na haɗiye. Tun daga ranar na sayi kaye na musamman: kwanan wata, adadi, farashi, rabon mai shago, shi ya sa hannu ni in sa. Kuma ba na barin fiye da biyar a wuri guda. Wanda ya fi yi mini ciniki ba mai shagon gilashi ba ne, wani dattijo ne a Kasuwar Dole da ke shimfiɗa littattafan addini da na Kano a kan tabarma. Shi ya san masu karatun Hausa da fuska. Shi ne ma ya ce mini, "Malam, bangonka ya yi duhu, kamar littafin lissafi. In za ka sake, ka sa mutum a kai." Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, nakan je in zauna kusa da shi awa guda, mai saye in ya ji ga marubucin nan yakan ce a rubuta masa suna a ciki.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Watan Oktoba kada ka wahalar da kanka, iyaye na fama da kayan makaranta. Azumi da gabanin layya haka. Ma'aikata kuwa daga ranar da albashi ya sauka kwana biyar gare ka, bayan nan sai "wata mai zuwa in Allah ya kai mu." Mutanen karkara da kaka suke da kuɗi, na je kasuwar Mirya ta ranar Lahadi sau biyu bayan girbi, ban dawo da ko ɗaya daga abin da na ɗauka ba.

Masu nisa suka zo da tasu matsalar. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, kuɗin aika saƙo a motar safa ya kusa kai kuɗin littafin kansa. Sai na nemi mutum guda a kowane gari, Yamai da Maraɗi da Agadas, duk tsofaffin ɗalibaina, in masu so sun kai goma in aika a ƙunshi guda, su raba, su turo kuɗin ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, su cire rabonsu. Ƙa'idata ita ce kuɗi ya riga kaya tafiya, in ba ga waɗannan ukun ba. Kano kuwa, inda na fi sa rai, ban iya aika komai ba sai da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, kuma ko da aka buɗe, jaka da rabi in an juya ta naira ta fi ƙarfin abin da mai karatu a can ya saba biya. Faɗuwar nairar da ta sauƙaƙa mini bugu, ita ta hana ni kasuwar.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai. Wani aboki ya ce in turo masa littafin a waya zai rubuta sharhi a kai. Na tura. Sharhin ban gan shi ba, amma bayan sati uku na tarar da littafina cikakke a wani zauren WhatsApp na masu karatu, ana godiya ga wanda ya saka. Na yi magana, aka cire, amma abin da ya fita ya fita. Ban san ko kwafi nawa hakan ya hana ni sayarwa ba, wataƙila ma wasu ta nan suka san ni. Sai dai yanzu duk mai son dubawa labari guda nake tura masa, wanda na riga na karanta a rediyo.

Da aka sa Hausa ta zama harshen ƙasa a sabon kundin da aka fitar a watan Maris na 2025, abokai suka yi ta kirana, wai kakata ta yanke saƙa. Doka ba ta sa hannu a aljihu ta sayi littafi, kuma abokin nan nawa har yanzu "jida" yake cewa. Amma na ga ɗan canji: shugabannin makarantu biyu masu zaman kansu sun neme ni da kansu, suka ɗauki 25 kowannensu don kyautar ƙarshen shekara, wasu ɗaliban Jami'ar André Salifou kuma suka gayyace ni in yi musu karatu, muka ɓata rabin lokacin a kan allo ina nuna musu bambancin "k" da "ƙ", da dalilin da ya sa mu a Nijar muke rubuta "ƴ" inda ƴan Najeriya ke sa waƙafi a gaban "y".

Uwar kuɗina ta dawo ne a wata na goma sha huɗu, in an haɗa da asarar bikin. Da na jawo kwali na ƙarshe a damanar da ta wuce, na tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye goma sha huɗu, uwargida ta ce ai ga masu karatu na samu. Saura 28 na ɗora su a kan kabat cikin leda. Littafi na biyu na gama rubuta shi, amma ban kai shi bugu ba tukuna. Labari uku daga ciki na naɗa da murya, Yaya ta riga ta sa an saurara a gidanta, kuma ta buɗe shafi a kayen adashi tana rubuta sunayen masu so, kowace da dala ɗari na kafin alƙalami. Ranar Juma'ar da ta wuce sun kai 63. Ta ce kada in kuskura in taka Kano sai sun cika ɗari, kuma wannan karon ɗari uku zan buga, da hoton mutum a bango.